Ƙwai a Firjin Inna

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi.

Tunda in na kira sai ki zuba wa wayar ido har ta gaji ta yi shiru, ga takarda. Ita dai ba a katse ta.

Jiya maƙwabciyarku mai sayar da ƙanƙara ta kira ni. Ta ce ta shiga gidan ta tarar da firjin Inna kwance a tsakar gida, an farke masa ciki kamar akuyar da aka feɗe, Baba na durƙushe a kansa da filaya, ke kuma kina miƙa masa wayar wuta. Na ce mata ba dai gidanmu ba. Ta rantse. Ta ce wai ƙwai za a zuba a ciki, kuma ba na kaza ba, ba na zabo ba. Na kunkuru.

Auta, kanki ɗaya kuwa? Mutumin da hawan jini ya kayar, hannun damansa ko cokali ya riƙe sai ya zubar, shi kika bari yana wasa da wutar lantarki? Ni aikin jinya nake yi, na san irin waɗanda ake kawo mana kullum. Kuma a rasa abin da za a ɓata a gidan nan sai firjin Inna? Ko shekara ba ta cika da rasuwa ba. Kin san na ce a ajiye min shi, kuma kin san ba don na rasa firji ba ne.

Na gyara wa Baba ɗaki a nan gidana, har katifa na canja. Na yi magana da masu motsa gaɓoɓi a asibitinmu, sun ce in aka ƙara jinkiri hannun zai sandare. Ƙarshen watan nan mota za ta zo ta ɗauko shi. Kafin nan ki zubar da wannan shirme, ki mayar wa firjin injinsa.

Ki gaishe min da Baba.

Yayarki.

*

Yaya,

Wa'alaikumussalam. Takardarki ta iso, muna lafiya. Ya mai gidan, ya yara? A shafa min kansu.

Ba na ɗaukar wayarki ne saboda ba hira kike kira mu yi ba, umarni kike bayarwa, ni kuma ga allura a bakina ga yadin mutane a kan keke. Amma tunda kin ji daga mai ƙanƙara, bari ki ji daga wadda ke kwana a gidan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masu gini ne suka zo haƙa harsashin katanga a filin bayanmu. Baba na zaune a ƙofar baya, inda nake kai shi kullum da hantsi ya sha iska. Sai digar wani ta burma cikin rami, ga ƙwai farare sun haura ashirin, wasu har sun fashe. Ɗaya daga cikin leburorin ya ɗaga shebur zai kwashe ya watsar. Ina cikin ɗaki na ji an ce, "Kai! Ajiye shebur ɗin nan!" Wallahi ban gane muryar ba. Na fito da gudu, sai ga Baba tsaye a bakin ramin, sandarsa can yashe a ƙasa.

Ya ce in kawo roba da fensir. Kowane ƙwai sai da ya sa na yi masa alama a sama kafin in ɗaga. Ya ce ba kamar na kaza ba ne, in aka juya shi ɗan ciki ya mutu. Na ce, "Baba, na mene ne?" Ya ce, "Na kunkuru."

Muna shiga gida ya ce, "Auta, ina akwatin kayan aikina?"

Kin san rabon da Baba ya nemi wani abu a gidan nan? Tun ranar da aka fita da Inna. Abinci sai na ce ci, wanka sai na ce tashi. Ke kina zuwa ki kwana biyu ki auna jininsa ki tafi. Ni nake zama da shirun. To ranar nan ya nemi sukundireba, sai in ce masa a'a, Yaya ta hana?

Firjin kuma da kike magana, ya mutu tun Inna na da rai, kwanuka take ajiyewa a ciki. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran firji ba sai an koya masa ba. Ya cire injin. Ya sa ƙwan fitila biyu a ƙasa, ya kifa musu kwano mai huji don kada zafin ya yi musu yawa. Akwai wata 'yar aba da ya ciro daga tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki, ya juya mata aiki, in ɗumi ya kai yadda yake so ta kashe fitilun, in ya sauka ta kunna. Ga 'yar fankar kwamfuta tana juya iska, ga kwanon ruwa saboda danshi. Abokinsa mai walda ya yanka taga a ƙofar ya sa gilashi. Ƙwan kunkurun suna cikin robobi, rabinsu binne a jiƙaƙƙen yashi. Ma'aunin zafin da kika rataya a kabad ɗin magungunansa shi ke ciki yanzu. Duk inda hannunsa ya gaza ni nake riƙewa, yana min faɗa wai ban iya murɗa waya ba.

Ya ce in gaya miki ba inda za shi sai sun ƙyanƙyashe. In kin matsu sai ki haɗo motar da ƙarti huɗu.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki, Auta.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Na karanta, kuma na gode da gorin kwana biyun. Allah ya ga yadda nake roƙon hutun nan kafin a ba ni.

Ma'aunin zafin nan ba don kunkuru na saya ba. Magungunan Baba in suka sha zafi lalacewa suke yi. Zan aiko da wani, shi kuma kada in ji an ba ƙadangare.

Na tambayi wani likitan dabbobi, maƙwabcinmu. Ya ce ƙwan kunkuru wata uku ne zuwa huɗu. Na je na ba masu motsa gaɓoɓi haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, don da suka tambayi dalili ban san ta inda zan fara ba. Na yarda, wata huɗu, ba ƙari. Amma da sharaɗi: kada ya taɓa waya sai an kashe wuta, kuma kada ya ɗaga abu mai nauyi.

Tsakanina da ke, abin tausayi yake ba ni. Kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Kina ƙarfafa masa gwiwa a kan abin da ba zai iya kai wa ƙarshe ba, in ƙwan suka mutu ke za ki ga yadda zai koma.

Allah ya sa mu ji alheri.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar shirun da na yi, ɗinki ne ya yi min yawa. Takardarki ta ƙarshe Baba ya ce in karanta masa. Na karanta, ban tsallake komai ba, har da batun yatsa. 

Zan gaya miki wani abu kafin mai ƙanƙara ta riga ni ta ƙara gishiri.

Iskar makon jiya ta kayar da turken lantarkin layinmu. Kwana da kwanaki ba wuta, ga ruwa ba ƙaƙƙautawa, gari ya yi sanyi. Mai walda ya ara mana batirin mota, bai daɗe ba ya mutu. Sai Baba ya ce a dafa ruwa a cika kwalabe, a naɗe su da tsumma a jera a ƙasan firjin. In sun huce a sake. Haka muka yi ta yi, har bargon Baba a kan firjin ya ƙare. Ranar nan da safe na fita sayo gawayi, bai jira ni ba, ya ɗauki butar ruwan zafin da kansa. Ruwan ya zubo masa a bayan hannun hagu. Na wanke, na kai shi kantin magani an ɗaure, yanzu har ya fara bushewa. Na san abin da za ki ce. Na riga na faɗa wa kaina, da kalmomin da suka fi naki zafi.

Ƙwai uku sun yi funfuna sun lotsa, mun cire su. Sauran kuwa, Yaya, da kin gani! Baba ya rufe taga ya haska tocila a jikin ɗaya, sai ga jijiyoyi ja kamar saiwar ciyawa, ga wani duhu a tsakiya. Ina kallo duhun ya motsa. Na yi ihu har Baba ya ce zan firgita masa yara. Har girma suke yi, sun fi yadda muka ɗauko su, ɓawonsu da taushi kamar fata.

Tunda hagun ke ɗaure, da dama yake cin abinci. Yana zubarwa, amma yana ci.

A gaida yara.

Auta.

*

Auta,

Sallama. Gaisuwar ma da ƙyar nake rubuta ta.

Tafasasshen ruwa! Kin bar tsoho mai shanyayyen hannu da tafasasshen ruwa saboda ƙwan da aka tono a juji! Da a cinya ya zubo masa fa? Da ya zame? Sai ki rubuto min cewa duhu ya motsa?

Wata huɗun da na yarda sun wuce, har an ci rabin na biyar. Na koma wurin likitan dabbobin na karanta masa abin da kika rubuta. Ya ce ƙwan kunkuru ɓawonsa da tauri, ba ya girma. In kin ga ya kumbura ya yi taushi, to ruɓewa ya yi. Kun zauna kuna gadin ruɓaɓɓen ƙwai, ke da shi, hannunsa kuma yana ƙara sandarewa.

Na gama lallashi. Ranar Asabar direban mai gidan zai zo. Na gaya masa abin da zai yi da firjin. Ki haɗa wa Baba kayansa da magungunansa. In kina ganin na yi rashin kirki, na ɗauka. Gara ya yi fushi da ni yana raye.

Yayarki.

*

Zuwa ga 'yata Likita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida mai gidanki da jikokina. Ki yi haƙuri da rubutun, ya karkace kamar sawun kaza. Da hannun dama na yi shi, ba wanda ya riƙe min alƙalami. Kunkurun naki ya samu yatsa.

Direban da kika aiko ya zo, ya kuma koma. Mutumin kirki ne, ya durƙusa ya gaishe ni. Auta tana kasuwa. Na shiga in yi salla, ina sallamewa na ji ƙarar fankar ta ɗauke. Na fito na tarar ya zare wayar daga bango, ya karkata firjin yana jan sa zuwa ƙofa. Na sa kafaɗa na tare. Na ce, wa ya sa ka? Ya ce, Hajiya ce ta ce in fitar in zubar. Robobi sun zame a ciki, ƙwai biyu sun juye. Waɗannan biyun a wuyanki suke, ba a wuyansa ba.

Ni na haife ki. Ni ba buhun gawayi ba ne da za a ce wa direba je ka ɗauko. Tun da na faɗi kowa ke yanke min hukunci, a ce kwanta, a ce tashi, a ce buɗe baki. Na yi shiru saboda ba ni da abin da zan tashi dominsa. Yanzu ina da shi, shi ne za ki aiko a zare daga bango?

Kin ce firjin uwarki. Matacce na sayo mata shi, na tayar da shi, ya sake mutuwa na sake tayarwa, har ya gaji. Da tana nan, ita ce za ta riga kowa leƙa tagar nan da safe, tana leƙawa tana min faɗa.

Likitan dabbobinki kuma ki gaishe shi. Ruɓaɓɓen ƙwai wari yake yi. Ya zo ya shinshina.

Na san hannun nan yana bukatar asibitinku, ban musa ba. Zan zo. Amma da ƙafata zan zo, bayan na gama abin da na fara.

Allah ya yi miki albarka, duk da haka.

Mahaifinki.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki zauna kafin ki karanta, ni ma a zaune nake rubutawa, ƙafafuna a kan kujera.

Sun ƙyanƙyashe.

Shekaranjiya da hantsi Baba ya kira ni. Na leƙa ta gilashin, ga ƙwai ɗaya ya tsage, ɗan kai ya leƙo. Hawaye ya zubo min. Ina cikin hamdala sai abin ya zaro harshe. Dogo, baƙi, mai reshe biyu. Na ce, "Baba, kunkuru na da irin wannan harshen?" Ya ce, "Bari dai ya gama fitowa." Ya gama fitowa. Ba ƙoƙo a bayansa. Ga jela, ga farata, ga idanu yana kallona kamar na ci masa bashi.

Damo ne, Yaya. 'Ya'yan damo muka yi wata shida muna reno.

Na ce, "Baba, kai ma ba ka sani ba, ko?" Ina so ya ce e. Ya gyara hula ya ce, "Na sani tun kafin a tono su. Ina zaune a ƙofar baya uwar ta zo ta haƙa ta binne. Washegari masu gini suka kashe ta da dutse, ina kallo, na kasa tashi."

Na ce, "Shi ne ka ce min kunkuru?"

Ya ce, "Da na ce damo ne, da kin riƙe min robar?"

Na ce, "Allah ya kiyaye!"

Ya ce, "To. Kunkuru kowa na tausayinsa. Damo sai dai a bi shi da sanda."

Kin ji fa! Ni da na ɓata da yayata a kansu. Ni da na ɗinka wa firjin riga. Ni da nake durƙusawa ina musu magana, har baho na saya wai inda 'yan kunkuru za su yi rarrafe. Ashe likitan dabbobinki gaskiyarsa, ƙwan kunkuru ba ya girma. Mu ne ba na kunkuru muke riƙe da shi ba.

Bai tsaya nan ba. Jiya matar mai kantin magani ta zo gwada riga. Baba ya buɗe firjin zai canja ruwa, ɗaya ya sulale ya shige tarin yadina. Ina sa mata allura a kafaɗa, sai ga shi ya fito ta kan ƙafarta yana huci. Matar nan ta fita titi da riga mai hannu ɗaya, takalminta ɗaya yana nan har yanzu. Baba ya yi dariya har ya riƙe bango. Shi ya kamo shi da kansa, da hannun daman da ake cewa ya mutu. Yanzu layinmu kaf sun san gidan tela akwai damo, ba wadda za ta sake cire mayafi a ɗakina.

Kuma ci suke yi. Fara da kyankyaso. Ki faɗi wanda aka ba gwangwani aka ce ya shiga bayan kicin ya kamo.

Biyun da direba ya juyar, ɗaya ya fito. Ɗayan bai fito ba, Baba ya kai shi bakin katanga ya binne.

Ya ce in sun yi ƙwari zai kai su jejin bayan gari, nesa da masu gini, ya sake su. Ni dai na gaji. Ki zo ki ɗauki ubanki.

Auta.

*

Autar Inna,

Wa'alaikumussalam. A wurin aiki na karanta, na yi dariya har shugabar sashenmu ta leƙo ta ce lafiya. Da na zo kan wanda bai fito ba, dariyar ta tsaya.

Takardar Baba tana jakata tun ranar da ta zo. Na zauna in amsa ya fi a ƙirga, na kasa. Ba a takarda ake ba uba haƙuri ba.

Na karɓi hutu. Ni kaɗai zan zo, a motar haya, ba direba. Zan durƙusa in tambaye shi ko zai biyo ni ya yi wata guda, in ya ce a'a in dawo ni kaɗai. Kada ku sake su sai na iso, ina so in ga ƙannen da aka yi mana da tsufa. Amma ki sani, ba zan riƙe gwangwanin kyankyaso ba.

Ki gaishe shi, ki ce Likita ce.

Yayarki.

*

Yaya,

Sallama. Ya Baba, ya hannun?

Wata guda kuka ce. Tun ranar da muka kai su jeji suka shige ciyawa ko waiwaye babu, washegari kika tafi da shi, ga wata ya ƙare har wani ya yi nisa. In na kira sai ki ce yana wurin motsa hannu, ko yana gyara wa yara fanka. Fankokin gidanki nawa ne?

Jiya na zuba abinci kwano biyu, sai da na kai ƙofar ɗakinsa na tuna. Ba mai ce min ban iya komai ba. Keke kawai ke magana a gidan.

Na san ni na ce ki zo ki ɗauke shi. Fushi nake yi, ke kuma babba ce, bai kamata ki biye min ba.

Ki dawo min da ubana.

Auta.